Tafin Hannu a Kan Tanki

Asabar, 2 ga wata, bayan la'asar

Tun ina koyon aikin gareji na ji ana wata magana, wai idan mutum ya yi doguwar tafiya a kan babur, hanya ba ta sakinsa ranar da ya sauka. Wai takan biyo shi har ɗaki ta shige masa hannu, hannun ya yi ta kaɗawa kamar har yanzu yana riƙe da kan babur, sai bayan kwana uku ta gaji ta koma inda ta fito. Maigidana da ya koya min aiki shi ya fara gaya min. Ban yarda ba, don mutum ne da ya taɓa rantse mana cewa ya ga kura a kan keke. Daga baya na sake ji a bakin wani direban tanka, shi ma ban ɗauka ba. Shekara arba'in da shida ina gyaran babura, ban taɓa ganin wanda hanya ta biyo ba.

Faɗo min a rai kawai ta yi, shi ya sa na rubuta.

Jiya da azahar muka iso, ni da Alfadari. Kwana goma sha tara, iyakar ƙasa uku. Alfadari babur ɗina ne, ya girmi Auta da shekara biyu, kuma wurin Autar muka zo. Shekara uku ke nan da aiki ya kawo su ƙasar nan ita da mijinta, kullum maganar ɗaya, Baba ka hau jirgi ka zo. Na ce in dai zan zo da ƙafata zan zo, ƙafata kuwa taya biyu ce.

Ta fito da fararen kayan asibitinta, ta tsaya ta ƙare mana kallo, ta ce, "Baba, tsakaninka da babur ɗin nan ban san wanda ya fi wani jin jiki ba." Na ce shi ne, amma na fi shi hayaƙi. Sai ta yi dariya, sai kuma ta yi kuka, irin na uwarta, duka biyun a numfashi ɗaya.

A iyakar ƙarshe ni wata uku suka ba ni, shi Alfadari kwana talatin. Takardarsa za ta mutu ranar 28. Iyakar kuwa tafiyar kwana uku ce daga nan, ke nan ranar Litinin 25 za mu kama hanya. Yadda na zo a kansa haka zan koma a kansa. Na faɗa wa matata, Tsohuwa, haka a ƙofar gida kafin in taho, gaban mutanen unguwa.

Abu ɗaya dai. Alfadari ya ɗauki wata 'yar rawa a ɓangaren dama. Zan duba shi.

Lahadi, 3 ga wata, da hantsi

Barci. Cinyoyina kamar an ara min na wani.

Litinin, 4 ga wata, da safe

Na fito da Alfadari tsakar gida na tayar da shi. Ni ba da kunne nake gyara ba. Kunne yana ƙarya, balle a gareji inda kowa ke buga ƙarfe. Da tafin hannu nake gyara. Ka tayar da injin, ka bar shi ya yi ɗumi, ka shimfiɗa tafin hannunka na dama a kan tanki, ka rufe ido. In filogi ne za ka ji yana tsallake bugu. In boris ne za ka ji kamar yashi a ƙarƙashin fata. In noti ne ya saki, sai ka ji abin yana zuwa yana komawa. Daga garuruwa ake kawo min babur don wannan hannun. Akwai wanda ya taɓa cewa in sayar masa.

Na sa hannu. Rawar na nan, ƙanana-ƙanana, a jere, ba ta tsallakewa. Ban taɓa jin irinta ba. Na ɗaure duk notin da ke riƙe da injin. Gobe a ga.

Laraba, 6 ga wata, bayan azahar

Ba noti ba ne.

Na kwance kafireto na wanke, na canza filogi, na ja cen. Surukina ya dawo daga makaranta ya tsuguna kusa da ni wai zai taya ni. Malamin lissafi ne, yaron kirki, amma in ka ce ya miƙo sifana goma sai ya miƙo sha biyu da ladabi. Na ba shi kwanon notuna ya riƙe, nan ya fi kyau.

Na ce ya sa hannu a tanki. Ya sa, ya rufe ido kamar yadda ya ga na yi, ya daɗe.

"Baba, ni dai ban ji komai ba."

"Ai kai da alli ka saba."

"Haka ne, Baba."

Auta ta kawo shayi. Nasa a cike, nawa rabin kofi. Na ce ko sukari ya yi tsada a ƙasar nan ne? Ta ce in na shanye za ta ƙaro. Irin zubin uwarta sak.

Alhamis, 7 ga wata, da yamma

Biron ƙasar nan ba shi da kirki. Ka fara layi da manyan baƙaƙe, kafin ka kai ƙarshe sun koma tururuwa.

Asabar, 9 ga wata, da hantsi

A ƙarshen layinsu akwai gareji, rumfar kwano ce da benci ɗaya da injin iska. Mai wurin zai kai shekara hamsin, kansa fes ba gashi ko ɗaya, na sa masa Mai Sanƙo. Ba ya jin harshena, ba na jin nasa, amma da na tura Alfadari ciki sai ya ajiye abin da yake yi, ya zagaya shi sau biyu, ya duba lambar ƙasarmu, ya dube ni, ya ɗaga babban yatsa. Ya share min gefen benci. Wurinsa tsaf, kowace sifana da ƙusarta a bango, an ma zana siffarta da fenti don a san in ta ɓace. Ni garejina sai dai ka tambaye ni, ni ma sai na tambayi ƙasa.

Na nuna masa da hannu cewa babur yana rawa. Ya tayar, ya karkata kai yana saurare. Mutumin kunne ne. Ya ɗaga kafaɗa. Na kama hannunsa na ɗora a tanki, na rufe masa ido da yatsuna. Ya yi dariya, amma ya tsaya. Ya sake ɗaga kafaɗa.

Zan sauke injin gaba ɗaya. Ya ba ni kusurwa.

Lahadi, 10 ga wata, bayan la'asar

Tsohuwa ta kira.

"Malam, ya gajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Alfadari ne dai ba ya jin daɗi."

"Allah sarki. Me ya same shi?"

"Rawa yake."

Sai ta ce akuyar maƙwabta ta sake cinye mata shukar bakin famfo, kuma rufin ɗakin baya yana yoyo. Na ce in na dawo zan hau in gyara. Ta ce ta riga ta sa an gyara. To in an gyara, mene ne na gaya min yana yoyo? Shekara arba'in da ɗaya ban gane zancen matar nan ba.

Talata, 12 ga wata, da yamma

Injin yana kan benci, a buɗe. Fistin lafiya. Boris lafiya, na juya shi kusa da kunnena ma, abin da ba na yi. Bawul lafiya. Wanda ya haɗa injin nan ya san aikinsa, kuma ni ne.

Laraba, 13 ga wata, bayan azahar

Wajen mayarwa akwai wani ƙaramin noti da ke shiga ta bayan murfi, sai da yatsa biyu. Na sa shi ya fi sau dubu a rayuwata, ko a duhu. Yau sau biyar yana faɗuwa. Na shida ya gangara ƙarƙashin injin iska. Mai Sanƙo ya kwanta ya zaro shi, ya goge a rigarsa, bai miƙo min ba, ya sa da kansa, ya ci gaba da fito kamar ba a yi komai ba.

Notunan yanzu santsi gare su.

Saura kwana goma sha biyu.

Alhamis, 14 ga wata, da la'asar

Mun gama haɗawa da hantsi. Bugu ɗaya ya tashi. Na bar shi ya yi ɗumi, na sa hannu.

Tana nan.

Na fara nuna wa Mai Sanƙo cewa gobe za mu kwance tayar gaba. Ya ɗaga min hannu, wai in dakata. Ya shiga ciki ya fito da kofin gilashi, ya cika shi da ruwa har baki, ya ɗora a kan murfin tanki, injin yana aiki. Muka tsaya muna kallo. Fuskar ruwan tana ɗan motsi, kamar an hura mata iska kaɗan. Ko ɗigo bai zuba ba. A raina na ce kai, wannan dabara ce, da na san ta da na huta shekaru.

Sai ya kashe injin. Ya zare makulli ya sa a aljihuna. Ya ɗauki kofin ya miƙo min, ta hannun dama.

Na jiƙa wando har gwiwa.

Bai dube ni ba. Ya karɓi kofin, ya ɗauko tsumma ya hau goge benci, bencin da ruwa bai taɓa ba.

Injin a kashe yake. Na rubuta don kada gobe in ce ba haka aka yi ba.

Juma'a, 15 ga wata, da yamma

Masallaci, gida.

Asabar, 16 ga wata, da hantsi

Ban fita ba. An yi ruwa.

Lahadi, 17 ga wata, da hantsi

Ban fita ba. Ba a yi ruwa ba.

Kwana goma sha shida da sauka. Maigidana cewa ya yi uku.

Talata, 19 ga wata, bayan la'asar

Auta ta ce in raka ta wurin aikinta in ga inda take wuni. Na san irin wannan rakiyar, da ita muka kai kakarta cire haƙori. Na sa hula na bi ta.

Likitan ba zai wuce sa'ar babban ɗana ba. Auta ce ke fassara. Ya sa na taɓa hancina da yatsa, na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo, na zana masa layi mai naɗewa kamar bayan dodon koɗi. Na ce wa Auta ta tambaye shi ko akwai rawa da waƙa a gaba. Ba ta fassara ba. Ya ce in ajiye hannuna a cinya in ƙirga watanni daga ƙarshe zuwa farko. Ina ƙirgawa, shi kuwa ba bakina yake kallo ba.

Ya tambayi yaushe abin ya fara. Na ce a hanya, kwana huɗu kafin in iso. Auta ta faɗa masa wani abu da ya fi nawa tsawo, har da ɗaga yatsu bakwai. A mota na ce bakwai ɗin me? Ta ce, "Wata, Baba." Na ce ke da rabonki da gida shekara uku? Ta ce, "Ai ana waya."

Ya ba abin suna. Sunan yana cikin takarda, takardar tana cikin jakar Auta. Ba zan kwafo shi nan ba, wannan littafin tafiya ne.

Akwai ƙwayoyi, ƙanana farare. Akwai kuma abin da ya ce game da babur, wanda Auta ta fassara sau biyu, na biyun da ƙarfi kamar kurma take wa magana.

Laraba, 20 ga wata, da safe

Makullin Alfadari ba ya kan ƙusar da na rataye shi ranar da na dawo da babur ɗin daga gareji.

"Auta, ina makullina?"

"Wane makulli, Baba?"

"Na gidan sarautar kakanki."

"Baba, don Allah. Kwana goma sha tara. Manyan motoci. In abu ya faru a daji wa zai kira ni?"

"Da na zo wa ya kira ki?"

"Kullum sai na kira Umma sau uku muna kuka, in kana so ka sani."

Ban sani ba. Tsohuwa in na kira ta daga hanya labarin akuya take ba ni.

Na ce na gaya wa mutane a kansa zan koma. Ta ce mutanen su zo su ɗauke ni mana. Ta fita aiki ba ta yi min sallama ba, ta dawo daga bakin ƙofa ta yi, ta sake fita.

A ɓoye wa bakanike makullin babur. Yarinyar nan a garejina ta yi rarrafe, amma ba ta koyi komai ba.

Alhamis, 21 ga wata, bayan azahar

Waya biyu ce a bayan fitila, ka haɗa su shi ke nan.

Na fita da hantsi bayan sun tafi aiki. Niyyata in zagaya unguwa sau ɗaya, in ji. A miƙaƙƙen titi lafiya lau, har na fara tsara abin da zan gaya wa likitan. Iska ta shiga rigata. Na wuce gidan mai, na wuce makarantar surukina, na zo inda titi ya yi kwana wajen masu kayan miya, inda dole ka sassauta totur ka taɓa birki a tare.

Matar da na buge ba ta ji ciwo ba. Kayan da ta ɗauko ne suka watse. Yarinyar da ke bayanta ma ba abin da ya same ta, kuka kawai ta yi, kuma ta yi shiru da aka ba ta lemo. Mutane sun taru, ban ji abin da suke cewa ba, wannan ma wata rahama ce. Na tsuguna ina tsince mata albasa. Ina sawa a kwando tana faɗowa. Matar ta dube ni, ta dubi hannun, sai ta daina faɗa. Da ta ci gaba da zagina da ya fi min.

Tura shi na yi har garejin Mai Sanƙo. Madubin dama ya fashe, tanki ya ƙuje.

Birkin lafiyarsa ƙalau. Na duba.

Juma'a, 22 ga wata, da yamma

Surukina ya ga gwiwar wandona, ya ce, "Baba, sannu," ya je ya kawo ruwan ɗumi da kansa. Auta ta wanke ƙujewar ta sa magani, kanta a sunkuye. Da ta gama ta ajiye makullin a kan tebur kusa da ni ta tashi.

Yarinyar jiya, ta bayan matar, tana da ɗan jan takalmi, ƙafa ɗaya. Ban san ko ɗayan a wurin ya faɗi ba ko dama babu.

Asabar, 23 ga wata, da hantsi

Na tambayi surukina abin da ake yi in babur zai zauna a ƙasar nan. Ashe ya riga ya je ofishin tun makon jiya, takardun suna cikin jakarsa, an cike komai, saura sunan mai karɓa da sa hannuna. Na ce ashe lissafin naka yana da amfani. Ya ce, "Wani lokacin, Baba."

Na ce ko shi zai riƙe? Ya ce shi ko keke sai an riƙe masa. Na ji daɗi da ya faɗi gaskiya, don da ya karɓa da ban yi barci ba.

Sa hannun ya ɗauki lokaci. Ya juya yana kallon taga har na gama.

Lahadi, 24 ga wata, bayan la'asar

Na je da surukina don ya yi min tafinta. Mai Sanƙo ya riga ya sa sabon madubi, ya shafe ƙujewar tanki. Na ce a gaya masa ba sayarwa nake ba, ba a sayar da irin wannan. Riƙo ne. Kada ya ba mai koyo. Ya canza baƙin mai kafin ya yi baƙi. Da sanyin safiya ya bar shi ya yi ɗumi kafin ya ja, ba ya son gaggawa. In Auta ta makara aiki ya kai ta, amma a hankali.

Surukina yana fassarawa, Mai Sanƙo yana gyaɗa kai. Da na miƙa makullin sai ya karɓa da hannu biyu. Ya tayar da shi. Ya jira ya yi ɗumi. Sannan ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan tanki ya rufe ido, ya daɗe a haka. Ya faɗi wani abu.

Surukina ya ce, "Wai ya ce yanzu ya fara ji. Wai kamar mage tana barci."

Haka ne kuwa. Haka lafiyayyen inji yake. Na so in sa nawa hannun in tabbatar, sai na bar shi a aljihu.

Litinin, 25 ga wata, da safe

Yau ce ranar da na ce za mu kama hanya. Jirgin sai jibi. Auta ta ce za ta nemo min kujerar taga. Na ce me zan gani, ai duk hanyar na riga na gan ta daga ƙasa, rami-rami.

Na kira Tsohuwa da kaina.

"Jibi zan taho."

"Allah ya kawo ka lafiya."

"A jirgi."

"To."

"Alfadari zai zauna."

"To, Malam."

"Ba za ki tambayi dalili ba?"

"Me za ka ci in ka iso?"

Na ce mutanen unguwa fa, da na tsaya a gabansu na cika baki? Ta ce ta gaya musu tun ranar da na tafi cewa babur ɗin kai wa Auta zan yi. Tun ranar da na tafi. Na ce to me ya sa kika bar ni na tafi? Ta ce, "Da na hana ka, da yanzu kana zaune a ƙofar gida kana jin haushina har ka mutu. Ka je, ka gani, ka isa. Shi ke nan."

Na ce hannun dai har yanzu yana yi.

Ta ce, "Ai an ce hanya ce take bin mutum ta shige masa hannu. Kai da ka yi kwana goma sha tara, taka ba za ta tafi a kwana uku ba. Ka taho da ita gida, akwai wuri."

Auta ta shigo da shayi. Na karɓa da hagu.

Maganar nan ta hanya da hannu, har gobe ban yarda da ita ba. Amma tun da littafin tafiya ne, bari in jera waɗanda na ji ta a bakinsu. Na farko maigidana mai kura a kan keke, Allah ya jiƙansa. Na biyu direban tanka. Ta ƙarshe Tsohuwa, wadda ba ta taɓa hawa babur ta wuce kasuwa ba, wadda wata bakwai kafin in tafi ta fara zuba min shayi rabin kofi, ba ta taɓa ce min don me ba.